Bizar Ma'aikatan Addini a Amurka: Sauƙin da Bai Iso Yamai Ba

A tsakiyar watan Janairun 2026 ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka ta fito da sabuwar ƙa'ida game da malaman addini ƴan ƙasashen waje masu aiki a masallatai da majami'un ƙasar. Kafin wannan lokaci, duk liman ko fada ko fasto da ya cika shekara 5 da bizar da ake kira R-1, tilas ne ya tattara nasa ya nasa ya fita, ya yi shekara guda cur a waje, sannan a saurari buƙatarsa ta komawa. Sabuwar ƙa'idar ta soke zaman shekarar nan. Shugabannin cocin Katolika na Amurka sun yi lale marhabin da ita, kuma suna da hujja, don kuwa su ne suka fi kowa ɗanɗana kuɗar tsohon tsarin. Sai dai wanda labarin ya iske shi a Maraɗi ko Damagaram, ya kyautu ya dubi kwanan wata kafin ya taya su murna. Makonni biyu kafin ranar, wato 1 ga Janairu, umarnin shugaba Donald Trump na hana ƴan Nijar shiga Amurka ya fara aiki. An sassauta wa malamai hanyar komawa a daidai watan da aka kulle wa malamin Nijar ƙofar shiga.

Ita dai wannan biza an ƙirƙiro ta ne a cikin dokar shige da fice ta 1990. Sharuɗɗanta ba su da sarƙaƙiya. Mutum ya kasance ya yi aƙalla shekara 2 yana cikin addini ko ɗarikar da za ta ɗauke shi aiki. Ƙungiyar da ke gayyatarsa ta kasance sananniya ga hukuma, ba ta neman riba ba. Aikin ya kai aƙalla awa 20 a mako, kuma ya zama aikin addini na zahiri. Mai shara ko mai gadi ko mai tara sadaka ba ya shiga ciki. Masallacin ko majami'ar ne ke shigar da takardar buƙata, ba shi malamin ba, kuma sai sun nuna yadda za su ciyar da shi. In an amince, a ba shi wata 30, a ƙara masa wasu 30, iyakarta ke nan. Matarsa da ƴaƴansa da ba su kai shekara 21 ba suna iya bin sa, amma ba a yarje musu yin aikin albashi ba.

Da can shekara 5 ɗin nan ta wadatar. Malami ya iso, ya yi shekara biyu yana aiki, jama'arsa su nemar masa takardar zama ta dindindin, wadda ake kira koren kati, ta fito kafin wa'adinsa ya cika. Abin da ya ɓata lissafin yana cikin yadda ake rabon katin, kuma ya kamata a fahimce shi sosai, domin nan ne gizo ke saƙa.

Amurka tana ba da kati kimanin 140,000 a kowace shekara ta hanyar aiki, ta kasa su gida biyar. Gida na huɗu, inda ma'aikatan addini suke, rabonsa 7.1 cikin 100 ne, wato ƙasa kaɗan da 10,000 a shekara. Ba su kaɗai ne a ɗakin ba. Dokar 1990 ta cusa wasu rukunoni a ciki, mafi girmansu kuwa shi ne na yara ƙanana da suka shiga Amurka, kotu ta tabbatar iyayensu sun wulaƙanta su ko sun yasar da su. Lokacin da aka rubuta dokar yaran ba su da yawa. Daga wajen 2014 sai suka riƙa kwararowa daga El Salvador da Gwatemala da Honduras, har waɗanda aka amince da buƙatarsu suna jiran kati suka haura 100,000 a 2023. Shekara da shekaru ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana ajiye ƴan ƙasashen nan uku a layi na daban. A watan Maris na 2023 ta ce ta gano cewa ba haka doka ta tanada ba, ta haɗe layukan wuri ɗaya. Cikin dare ɗaya, ranar da ake yi wa hidima a layin ta koma baya daga 2022 zuwa 2018. Ɗan kasuwan da ya taɓa kwana a layin duwan ya san wannan irin tashin hankali: motarka ce ta uku, gari ya waye ka tarar da ɗari a gabanka, kuma kowace da takardarta ta halal.

Babu mai hankalin da zai ɗora wa yaran laifi. Marayu da ƴaƴan da aka yasar ba su zaɓi su yi gasa da limamai ba, kuma abin lura ne cewa majami'un da suka fi kuka da jinkirin su ne kuma ke ɗawainiya da yaran a garuruwa da dama. Laifin na majalisar dokokin Amurka ne, wadda ta auna ƙwarya a 1990, ta bar ta yadda take fiye da shekara 30, alhali masu ci sun ninka. A shekarar kuɗi ta 2025, wadda ta soma ranar 1 ga Oktoban 2024, rabon gida na huɗu ya ƙare ƙaf tun ƙarshen watan Fabrairu. Wata biyar aka yi ana rabo, wata bakwai ana zaman jira.

Sakamakon ya bayyana a fili. Biza mai wa'adin shekara 5, kati mai jiran da ya zarce haka nesa ba kusa ba. Fada-fada da fastoci da limamai da malaman Yahudawa da na Hindu suka fara barin jama'arsu suna komawa gida. A watan Agustan 2024 gundumar cocin Katolika ta Paterson, a jihar New Jersey, tare da fada-fadanta biyar, huɗu ƴan Filifin ɗaya ɗan Kolombiya, ta maka gomnatin tarayya a kotu. A watan Afrilun 2025 sanatoci uku, Tim Kaine na jam'iyyar Demokarat da Susan Collins da Jim Risch na Rifablikan, suka gabatar da ƙudirin doka da zai ba ministan tsaron cikin gida ikon tsawaita bizar malami har ranar da za a yanke hukunci kan katinsa. Wannan shi ne maganin da ya dace da cutar. Ƙa'idar Janairun 2026 ba ta kai nan ba, kuma ba za ta iya kaiwa ba, domin iyakar shekara 5 a cikin doka take, minista ba shi da ikon goge abin da majalisa ta rubuta. Abin da ya iya shi ne ya cire zaman shekara guda. Fita kam tana nan daram: malami ya cika wa'adi, ya bar ƙasar, a shigar masa da sabuwar buƙata, ya je ofishin jakadanci ya nemi sabuwar biza.

Ga fada ɗan Indiya ko ɗan Filifin, wannan sauƙi ne na gaske, hutun ƴan makonni ko ƴan watanni a gida, ya gaida dangi ya koma bakin aikinsa. Ga ɗan Nijar lissafin daban ne, kuma a nan ne maganar ta shafi mutanen ƙasar nan.

Wani zai ce ina ruwan Maraɗi da bizar limamai a Amurka. Amsar tana cikin kasuwa. Tun ƙarshen shekarun 1980 ƴan kasuwar Nijar, Hausawa da Zabarmawa, suka kafa teburansu a titi na 125 a unguwar Harlem ta birnin Niyok. Da magajin garin Rudolph Giuliani ya tashe su a watan Oktoban 1994, wasu suka koma kasuwar titi na 116, wasu suka watsu. Yau akwai ƴan Nijar a Bronx, akwai jama'a mai yawa a Greensboro ta jihar Karolina ta Arewa. Kuɗin da suke aikowa ya gina gidaje, ya biya kuɗin makaranta, ya zama jari a shaguna da dama na Yamai da Tawa. Mutanen nan sun yi aure, sun haifu, ƴaƴansu sun tashi da Ingilishi a baki. Jama'a irin wannan tana buƙatar wanda zai raɗa suna, ya ɗaura aure, ya sallaci gawa, ya sasanta miji da mata da harshen da suke faɗa da shi, ya ja tarawihi, ya yi tafsiri da Hausa ko Zabarmanci ga dattijon da ya wuni yana tuƙin taksi. Direba mahaddaci yana iya jan salla, amma ba zai iya zama da yara arba'in kowace Asabar da Lahadi ba, yana da haya a wuyansa. Bizar R-1 ita ce hanyar halal da aka tanada domin irin wannan buƙata.

To, ga yadda hanyar ta kasance a 2025. A watan Yuni aka hana ƴan ƙasashe 12 shiga Amurka gaba ɗaya, cikinsu har da Cadi da Sudan da Libiya. A watan Yuli ofishin jakadancin Amurka a Yamai ya dakatar da ba da biza. A watan Satumba aka ce ƴan Nijar su riƙa zuwa Wagadugu. A watan Oktoba ofishin Wagadugu shi ma ya dakatar da aikin, aka nuna wa mutane hanyar Lome. Ranar 16 ga Disamba aka sanya Nijar da Mali da Burkina Faso cikin jerin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa baki ɗaya, bisa dalilin rashin tsaro da yawan masu zarce wa'adin bizarsu. Umarnin ya ware jami'an diflomasiyya, ya ware masu koren kati, ya ware ƴan wasan da za su halarci manyan gasanni irin kofin duniya na ƙwallon ƙafa. Bai ware ma'aikacin addini ba. Ɗan ƙwallo ya samu shiga, liman bai samu ba, a ƙasar da ta kafa doka ta musamman a 1998 domin bin kadin ƴancin addini a faɗin duniya, take kuma fitar da rahoto a kai kowace shekara.

Saboda haka masallacin ƴan Nijar da ke son kawo sabon malami daga gida ba shi da hanya, sai dai ta alfarmar da ake yi wa ɗaiɗaikun mutane in an ga zuwansu maslaha ce ga Amurka, ita kuwa alfarma ba a gina shiri a kanta. Wanda ya riga yana can, a kan takarda yana da abin kamawa, domin umarnin ya ce ya shafi waɗanda ke waje ne ba su da biza a ranar da ya fara aiki. Amma takarda daban, taga daban. Ranar da wa'adinsa ya cika dole ya fita, ya nemi biza a ƙasar da ba tasa ba, da fasfon ƙasar da sunanta ke cikin jerin, a gaban jami'in da in ya ce a'a, kotunan Amurka ba su cika tsoma baki ba. Bugu da ƙari, a farkon Janairun 2026 hukumar shige da fice ta ba da umarnin a jingine buƙatun ƴan ƙasashen da ke cikin jerin har sai an sake tantance su. Mutumin da ya bi doka sau da ƙafa shekara 5 ya wayi gari tsakanin zama ba bisa ƙa'ida ba da fitar da ba a san ranar dawowarta ba.

Maƙwabta na Najeriya, waɗanda fada-fadansu ke riƙe da majami'u masu yawa a Amurka, an saka su a jeri na biyu, na takunkumin rabi. Bizar R-1 ba ta cikin waɗanda aka dakatar musu, amma an dakatar da bizar ƙaura ta dindindin. Ga wanda ke neman ta daga waje, layin ya kai shi ga bango ke nan.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Amurka ba ta fara zargin wannan hanya haka kawai ba. A 2006 hukumarta ta shige da fice ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a kan buƙatu 220 na neman kati ga ma'aikatan addini, ta ce kusan kashi ɗaya cikin uku na bogi ne: majami'un da babu su, adireshin da ba na wurin ibada ba, mutanen da ba su taɓa hawa mumbari ba. Shi ya sa a watan Nuwamban 2008 aka tsaurara ƙa'ida, aka wajabta shigar da buƙata tun kafin a je neman biza, aka kuma ba masu bincike damar zuwa su ga wurin da idonsu. Ɗan kuka ne ya jawo wa uwarsa jifa. Kuma duk lokacin da aka rufe ƙofa, kasuwar ƴan kamasho ke buɗewa. Wanda aka ce masa ya kawo miliyan kaza na sefa a samo masa “bizar malami” ya sani cewa an yi masa tayin iska: ba a sayen ta, ba shi ne ke neman ta ba, kuma kuɗin ganawa da jami'i kaɗai, dalar Amurka 205, sama da jikka 100 ke nan, ba ya dawowa ko an ba shi ko an hana shi. Mafi muni, wanda aka kama da takardar ƙarya dokar Amurka tana haramta masa biza har iyakar rayuwarsa, ko da an ɗage takunkumin gobe.

Kowace ƙasa tana da haƙƙin ta tambayi mai wa'azin da ya shigo mata: wa ya aiko ka, wa ke biyan ka, me kake koyarwa. Faransa ta yi tata tambayar, ta daina karɓar limaman da gomnatocin Aljeriya da Maroko da Turkiyya ke turowa suna biya, daga 1 ga Janairun 2024, bayan sanarwar da shugaba Macron ya yi tun Fabrairun 2020. Ana iya ƙin matakin, amma an ba da wa'adin kusan shekara huɗu, an kuma faɗi abin da ake ƙi. Abin da ke damun mutum a matakin Amurka shi ne ba a tambayi malamin komai ba. An dubi launin fasfonsa ne aka sallame shi.

Wannan kuwa ya kawo magana gida. A ƙarshen Disamban 2025 kamfanin dillancin labarai na ƙasa, ANP, ya ba da labarin cewa Nijar ta daina ba Amurkawa biza, ramuwar gayya. Cadi ta yi haka tun watan Yuni, Mali da Burkina Faso suka biyo baya a ƙarshen shekara. Ramawa al'ada ce sananniya tsakanin ƙasashe, kuma ƙasar da aka wulaƙanta talakawanta ba a hana ta nuna ɓacin rai. Amma mai ramuwa ya kan duba inda sandarsa za ta sauka. Ba Amurkawa masu yawon buɗe ido ne suka cika Nijar ba, sojojinsu kuma sun bar Yamai da Agadas tun 2024. Daga cikin ƴan kaɗan da suka saba zuwa su daɗe, akwai ma'aikatan mishan. Asibitin Galmi, a kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa, ƙungiyar SIM ce ta buɗe shi a 1950, kuma babu wanda ke zaune tsakanin Tawa da Maraɗi da bai san wani da aka yi wa aiki a can ba. Haka cibiyar Danja, kudu da Maraɗi, da ta shahara wajen jinyar kuturta da yoyon fitsari. Galibin ma'aikatan wuraren nan ƴan ƙasa ne, galibin majinyatan Musulmi ne, amma sun daɗe suna dogaro da likitocin da ke zuwa daga ƙasashen waje, cikinsu har da Amurka, su yi aiki su koyar. Matar da naƙuda ta gardame mata a ƙauyen Madawa ba ta taɓa neman bizar Amurka ba, bai kuma dace a biya bashin Washinton da jikinta ba.

Gaskiya ne zaman baƙin nan yana da nasa nauyi a wuyan hukuma. An sace fada ɗan Italiya, Pier Luigi Maccalli, a Bomoanga a watan Satumban 2018, sai Oktoban 2020 aka sako shi a Mali. A watan Oktoban 2025 aka ɗauke wani matuƙin jirgin mishan Ba'amurke a tsakiyar birnin Yamai. Gomnati tana da dalilin son sanin inda kowane baƙo yake da abin da yake yi, kuma dokar shiga da zaman baƙi ta Janairun 2025 ta ba ta wannan dama. Abin da ya rage shi ne a yi wa ma'aikatan addini rubutacciyar ƙa'ida tasu, wadda za ta hau kan kowa bai ɗaya: malamin da Azhar ta turo, mai wa'azin da ya ƙetaro daga Kano ko Sakkwato, fada ɗan Italiya, likitan mishan ɗan Amurka. Ƙungiya mai rajista ta tsaya masa, a san mai biyansa, a yanka masa wa'adi, a bayyana yadda ake sabuntawa da dalilan da ake korar mutum. Hakan zai sauƙaƙa wa jami'in da ke bakin iyaka, wanda in babu rubutu sai ya yi aiki da ganin dama, ganin dama kuwa kowa ya san farashinta.

Ƙa'ida irin wannan za ta kuma ba ma'aikatar harkokin waje abin ɗorawa a kan tebur. Takunkumin Amurka yana da tanadin sake dubawa lokaci-lokaci, kuma Cadi ta taɓa shiga irin wannan jeri a Satumban 2017 ta fita a Afrilun 2018 bayan tattaunawa kan fasfo da musayar bayanai. Ranar da za a zauna, maganar ɗalibai da ƴan kasuwa ce za ta zo farko, kuma daidai ne. Amma ma'aikatan addini su ne rukunin da ya fi sauƙin daidaitawa, domin kowane ɓangare yana da nasa a gidan ɗaya, adadinsu kaɗan ne, kuma a majalisar dattawan Amurka akwai ƴan jam'iyyu biyu da suka riga suka sa hannu a kan takarda cewa tsarin ya cuci masu ibada. Jakadan da zai ce a ware likitan Galmi a nan, a ware limamin Greensboro a can, ba roƙo ya je yi ba, ciniki ya je yi.

Kafin ranar ta zo, nauyin yana kan komitocin masallatan ƴan Nijar a Amurka. Duk wanda ke da malami mai bizar R-1 ya kamata ya ɗauko fasfonsa da takardar izininsa ya ƙidaya watannin da suka rage a cikin 60 ɗin nan, ya nemi lauya mai lasisi tun da sauran lokaci, kada kuma a sayi tikitin zuwa gida, ko na Umara, sai lauyan ya ga takardun. Iyalan da ke nan, su ma, su daina matsa wa malami ya zo biki ko ta'aziyya kafin a san ko akwai hanyar komawa.